Ɗan Masunta Daga Auyo Na Son Bin Kogin Kongo: Ga Amsata

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Auyo ya aiko da wannan tambaya: "Baba, ni ɗan masunta ne, a ruwa na tashi, tun ina yaro nake tuƙa kwale-kwale a kogin Haɗeja. Na ga bidiyon mutanen da ke bin kogin Kongo a jirgin ruwa daga Kisangani har Kinshasa, abin ya tsaya mini a rai. Na ɗan tara kuɗi daga noman rani. Shin tafiyar za ta yiwu ga irina? Wane lokaci ya fi dacewa? Mene ne hatsarinta, kuma yaya zan yi da ci da sha da salla?"

Ɗana, tafiyar tana yiwuwa, kuma ba ni ne zan ce ka cire ta daga ranka ba. Allah ya shimfiɗa ƙasa da ruwa, wanda ya fita ya gani da idonsa ba ya dawowa yadda ya tafi. Ni ma ɗan bakin ruwa ne daga wajen Guri, aikin kifi ne ya kai ni Kongo, kuma na kwana a kan irin jiragen da ka gani a bidiyo. To amma ba bana ba, kuma ba kai kaɗai ba. Ka saurare ni da kyau, domin abin da zai taimake ka a can shi ne sanin ruwan da ka gada, kuma wannan sanin ne zai iya yaudararka.

Kogin da ka tashi a kansa ka san halinsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan Haɗeja a hannun mutane yake, a sako shi ko a riƙe shi. Da bazara akwai mashigin da yaro zai ratsa da ƙafa, wani wurin kuma kachalla ta cinye hanya sai an sare ta. Ko a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, in jirgi ya kife da kai kana hango gaɓa. Kongo wani abu ne daban. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,700, a Afirka kogin Nil ne kaɗai ya fi shi. Wajen yawan ruwa kuwa, duk duniya Amazon ne kaɗai ke gabansa, yana zuba wa teku kusan kubik mita 41,000 a kowace daƙiƙa. An auna wani wuri a ƙasan Kinshasa an samu zurfinsa ya haura mita 220, babu kogin da aka sani ya kai haka. Sau biyu yana tsallake layin Ikweta, shi ya sa ba ya ƙafewa: in damina ta ɗauke a arewacinsa, tana zuba a kudu. Tsakanin Bumba da Mbandaka akwai inda faɗinsa ya wuce kilomita 10, tsibirai birjik, abin da ka ɗauka gaɓa ce sai ka tarar tsibiri ne, bayansa ma wani ruwan ne.

Dalilin da ya sa kowa ke cewa Kisangani zuwa Kinshasa shi ne duwatsu sun rufe hanyar ta kai da ta gindi. A saman Kisangani akwai gangaren Boyoma, hawa bakwai a jere cikin tazarar kusan kilomita 100. A ƙasan Kinshasa kuma ruwa na faɗawa kan duwatsu har Matadi, shi ya sa Turawa suka shimfiɗa layin dogo a can, aka gama shi a 1898. Abin da ke tsakani, kimanin kilomita 1,700, shi ne hanyar jirage, kuma shi ne babban titin mutanen wannan yanki, domin daji ya cinye yawancin hanyoyin mota.

In Allah ya kai ka Kisangani, kada ka yi gaggawar barinsa sai ka je wurin masuntan Wageniya a bakin gangaren ƙarshe. Kai da ka san gura da dumba za ka fi kowane baƙo gane abin da suke yi. Suna kafa dogayen itatuwa cikin ramukan duwatsu a tsakiyar ruwa mai gudu, su gicciya wasu a sama su ɗaure da igiyar daji, sannan su saukar da manyan kwanduna masu faɗin baki da tsukakken gindi, bakin na kallon inda ruwa ke tahowa. Kifin da ya shiga ba murfi ne ke tsare shi ba, ƙarfin ruwan ne ke danne shi a gindin kwandon. Safe da yamma za ka ga mutum ya hau itacen nan ba takalmi, ruwa na ruri a ƙarƙashinsa har ba ka jin maganar na kusa da kai, su haɗu su jawo kwando sama, ɗaya ya zura jiki ciki ya kwaso kifi. Kowane gida da gurbinsa da ya gada, kamar yadda namu Sarkin Ruwa ya san wane ne ke da wane wuri. Ka gaishe su, ka ba da abin da aka saba bayarwa kafin ka ɗauki hoto, in ka nuna musu hannunka ya san koma da ƙugiya za ka ga yadda fuska ke sakewa.

Yanzu ga jigon maganar, wato jirgi. Iri uku za ka tarar. Akwai kwale-kwalen itace guda da aka fafe, wanda suke kira bwato, wani da inji wani da filafili. Akwai manyan jiragen katako masu rumfa da inji, ana ce musu balenyer, su ne suka fi sauri, su ne kuma suka fi kashe mutane. Sai wanda ka gani a bidiyo: jirgi mai inji yana tura faffaɗan jiragen ƙarfe da aka ɗaure da juna da igiyar waya, biyu ko uku ko fiye. Asali na kaya ne, ba a yi su don mutane ba. Katako, masara, rogo, manja, gawayi, busasshen kifi, awaki, sannan ɗaruruwan mutane a saman kayan, kowa ya ɗaura ledarsa ya yi bukka. Ka ɗauka kasuwar Gujungu ce aka ɗebe ta ranar cinta aka ɗora bisa ruwa. Ana aski, ana kitso, ana sayar da magani, ana wa'azi, ana haihuwa. Babu shinge a gefe. Banɗaki ɗaya ne ko biyu a can baya, a kan ruwa. A goshin jirgi akwai mutum riƙe da doguwar sanda yana soka ta cikin ruwa yana nuna wa matuƙi zurfin, saboda yashi na sauya wuri, alamun hanya da yawa sun lalace, sanin hanyar a kan matuƙi yake.

Abin da ya fi burge ni, har yau in na tuna, shi ne cinikin tsakiyar ruwa. Jirgi ba ya tsayawa a ƙananan ƙauyuka. Da sun hango shi sai su fito da kwale-kwale a tsaye, maza da mata, su tari gabansa, su daidaita gudu, na gaba ya cafko igiya ko ya daka tsalle ya ɗaure. In ya kuskure, kwale-kwalen na iya kifewa ko ya shige ƙarƙashin ƙarfe. Su hau da ɗanyen kifi, ayaba, abarba, rogo, naman daji, su sauka da gishiri, sabulu, ashana, batir, gwanjo. Kafin su gama ciniki jirgi ya janye su nisa, sai su kwance su koma gida suna tuƙi gaba da ruwa. Ga wasu ƙauyukan wannan jirgin ne kantinsu da kemis ɗinsu.

Kada ka tambayi ranar tashi ka yarda da amsar. Za a ce maka gobe, goben ta zama mako, makon ya zama wata, domin mai jirgi ba zai kunna inji ba sai kaya sun cika kuma mai ya samu. In an tashi ma, bin ruwa zuwa Kinshasa na cin mako biyu zuwa uku in an yi sa'a, in inji ya lalace ko aka hau yashi sai yadda hali ya yi. Hawa sama kuwa ya fi wata. A nan ne baƙi ke halaka kansu. Mutum ya gaji da jira, guzuri na ƙarewa, bizarsa na ƙarewa, sai a nuna masa wani jirgin katako da zai tashi da daddare, ya ga ruwa ya kusa shafar bakinsa saboda lodi, amma ya rufe ido ya shiga. Ɗana, ba kada ne ke cin matafiya a Kongo ba, ba dorina ba. Lodi fiye da kima, tafiyar dare da wuta, su ne ke ci.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ka tuna Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau a ruwan Watari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi. Allah ya jiƙansu. Wannan fa ruwan madatsa ne, gaɓa na kusa, masu ceto na kusa. A Afrilun 2025 wani jirgin katako ya kama da wuta kusa da Mbandaka, daga girkin da ake yi a cikinsa, mutane suka yi ta faɗawa ruwa, aka rasa sama da 100. Irin wannan labari kusan kowace shekara sai an ji shi daga can.

Saboda haka ka je tashar da ƙafarka, da rana, ka ga jirgin da idonka kafin ka ba kowa ko sisi, kuma ga mai jirgi ko akawunsa za ka biya, da takarda, ba ga ɗan kamasho ba. Ka duba tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. Ka duba inda aka jera gangunan fetur, ka ga ko akwai murhu kusa da su. Ka tambayi matan da ke fatauci a hanyar, domin sun fi kowa sanin wane matuƙi ne ke ɗaure jirgi in dare ya yi ko hadari ya taso, wane ne kuma mai ganganci ko mashayi. Na ƙarfen ya fi jinkiri, ya fi wahala, amma ni shi zan zaɓa maka. In ka shiga, ka nemi wuri nesa da gefe, nesa da mai, kuma nesa da mahaɗar jirage biyu, domin wurin na buɗewa yana rufewa, ƙafar da ta zame ciki ba ta fitowa lafiya. Da dare kada ka yi yawo a kan jirgi ba tocila.

Sannan ka sayi rigar ceto mai kyau tun daga Kano, ka tafi da abarka. Na san abin da zuciyarka ke faɗa maka yanzu, cewa ɗan masunta ba ya sa rigar ruwa, abin kunya ne. Ka ajiye wannan a gida. Gwanin iyo a Haɗeja ya saba da ruwan da ya san gindinsa. A can za ka faɗa ne da tsakar dare, cikin ruwa mai ja, gaɓa na da nisan da ba ka sani ba, ga mutane da ba su iya iyo ba suna cafkar duk wanda suka samu. Rigar ce matashin kanka in za ka kwanta, ka sa ta in iska ta taso ko in za ku shiga ƙaramin jirgi.

Na biyu a hatsari shi ne ciwo. Zazzaɓin cizon sauro kada ka raina shi don ka saba da shi, Najeriya da ƙasar Kongo mai babban birni Kinshasa su ne kan gaba a duniya wajen wannan cuta, kuma a tsakiyar kogi babu asibiti. Ka tafi da gidan sauro mai magani da igiyar ɗaure shi, ka ga likita tun a gida ya rubuta maka maganin rigakafi da na sha in ya kama ka, ka saya a wurin da ka amince da shi. Ruwan sha shi ne babban abu. Kowa daga kogi yake ɗiba, a kogin kuma banɗaki yake zuba, shi ya sa kwalara ke bin jirage daga gari zuwa gari. Ka ɗibi ruwa daga goshin jirgi, ka jefa alif ya kwanta, ka tafasa ko ka sa ƙwayar tsarkake ruwa, kuma da shi za ka wanke baki da kwano. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti da yawa, ba don kanka kaɗai ba, za ka ga yaron da zai buƙata. Allurar rigakafin shawara dole ce, ba za a bar ka ka shiga ƙasar ba sai da katinta mai ruwan ɗorawa. A yi maka ita aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma allurar gaske, kada ka karɓi katin da aka buga maka ba a soka maka komai ba.

Za a kawo naman daji cikin jirgi: biri ƙyafaffe, jemage, kada a ɗaure da ransa. Ko ba don addini ba, kada ka taɓa. A Yambuku, arewa da Bumba inda jirginka zai tsaya, aka fara gano cutar Ebola a 1976, kuma ta ɓulla a Mbandaka a 2018 da 2020. Ƙyandar biri ma gidanta ke nan. In ka ji an ce annoba ta ɓulla a hanyar, ka fasa, ko ka riga ka biya. Akwai ƙudan tsando a bakin daji, mai kawo ciwon barci, yana son tufafi baƙi ko shuɗi, don haka ka sa riga mai haske mai dogon hannu. Tsargiya kuwa ba sai na yi maka bayani ba, mun san ta a fadamunmu, ka guji wanka a ruwan da ke kwance cikin ciyawa. Abu ɗaya da mutumin Jigawa ba ya tsammani shi ne laima. A wurinmu ƙaramin rauni iska ce ke busar da shi. A can kwarzanen ƙusa sai ya ruɓe cikin kwana kaɗan, wanki ba ya bushewa, tsakanin yatsun ƙafa na sāɓewa. Ka wanke kowane rauni nan take, ka sa magani, ka rufe.

Batun namun daji, kada bidiyo ya ruɗe ka. Daga kan jirgi abin da za ka gani yini bayan yini shi ne bangon itatuwa kore a hagu da dama, tsuntsaye, aku masu jan wutsiya, ciyawar ruwa na wucewa, da hadari mai tasowa da la'asar wanda ke mayar da kogi baƙi ƙirin. Dajin nan shi ne na biyu a duniya bayan na Amazon, amma namun sun yi nisa da hanyar jirgi. Abin da zai faranta maka rai shi ne kifi. Za ka gane tarwaɗa, kurungu, minjirya, gaiwa da ƙarfasa, sai kuma tsagen da suke kira mbenga, wanda ke kai nauyin kilo 50, haƙoransa a waje ko bakinsa na rufe. Kifayen kogin sun haura iri 700, da yawa babu su a ko'ina sai can.

Ci ba zai gagare ka ba in ka riƙe kifi. Suna naɗe shi cikin ganye da albasa da barkono su gasa a kan gawayi, sunansa liboke, ana ci da kwanga, wato rogo da aka jiƙa aka kirɓa aka dafa cikin ganye, yana da ɗan tsami kuma yana daɗewa bai lalace ba. Akwai pondu, miyar ganyen rogo da manja. Sai dai ka tambayi abin da aka jefa a tukunyar, domin ana sa naman daji ko na alade. Abin da ya fi shi ne ka sayi ƙaramar tukunya da kurfoti ka dafa da kanka, ko ka sami wata dattijuwa a jirgin ku yi yarjejeniya, kai ka sayo kifi ita ta dafa a tukunyarka. Ka tafi da garin rogo, ƙuliƙuli, dabino, yaji, kuka da daddawa a robobi masu murfi. Kilishi ka cinye shi da wuri, laima na sa shi fumfuna.

Salla kuwa, ruwan alwala ba matsala, wuri ne matsala. Ka yi magana da maƙwabtanka a jirgi tun ranar farko, ka nuna musu inda za ka shimfiɗa dadduma. Yawancinsu Kiristoci ne masu yawan ibada, in sun ga kana kan taka da mutunci za su matsa maka. Ka lura da alƙibla: a gida gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa, a can ta koma arewa maso gabas, arewan ma ta fi rinjaye, ga kogi na lanƙwasa, jirgi na juyawa. Ka riƙe ƙaramin kamfas, kada ka dogara da waya kaɗai. Kusa da Ikweta rana na fitowa da faɗuwa kusan lokaci guda duk shekara, kuma duhu na saurin rufawa bayan magariba. Matafiyi ne kai, kana da ƙasaru. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari zai cika salla, wanda kuma ke jiran jirgi kullum ana ce masa gobe hukuncinsa daban ne, ka zauna da malaminku ya warware maka wannan kafin ka tashi. Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar, amma akwai masallatai a Kisangani da Kinshasa, kuma nan ne wurin da za ka fara nema in ka sauka. A Kinshasa da Brazabil, babban birnin ɗaya Kongon da ke tsallaken ruwa, akwai 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, ba za ka rasa mai jin Hausa ba. Kuma ba mu ne Hausawan farko a kogin ba. Tun a shekarun 1880 Turawan Sarki Liyofol na Beljiyam suka ɗebi Hausawa daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma suka sa su soja a can. Mulkin nan, daga 1885 zuwa 1908, an zubar da jinin mutanen bakin kogin saboda roba da hauren giwa. Ka shiga garuruwansu da sanin cewa baƙi sun sha cutar da su, ka yi sallama, ka nemi izini, kada ka nuna wa kowa kyamara ba da yardarsa ba.

Takardu: Kongo ta Kinshasa ba ta cikin ECOWAS, katin tafiye-tafiye na ECOWAS ba zai yi ba. Fasfo za ka yi, ka nemi biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, ka nemi mai tsawo, domin ta wata ɗaya jiran jirgi kaɗai zai iya cinye ta. Jirgin sama za ka hau zuwa Kinshasa, yawanci ta Addis Ababa ko Lome, daga nan wani jirgin zuwa Kisangani. Duk garin da kuka tsaya jami'ai za su nemi takardun baƙo, don haka ka buga kwafi da yawa, na ainihin kuma ka naɗe a leda a jikinka. Kada ka ɗaga murya, kada ka ɗauki hoton tasha, gada ko soja. Kuɗinsu faran ne, amma dala na tafiya, sai dai sabuwa fil, wadda ta yage ko ta tsufa ba sa karɓa. Ka rarraba kuɗinka wuri uku, kuɗin komawa gida kuma ka ɗauka ba naka ba ne. Duk lissafin da ka yi na kwanaki da na guzuri, ka ninka shi. In abin da ka tara bai kai ninkin ba, bai isa ba tukuna.

Gabashin ƙasar ana yaƙi, 'yan tawayen M23 sun kama Goma a Janairun 2025, kada ƙafarka ta doshi can. A hanyarka ma akwai Kwamut, inda kogin Kasai ke shigowa, tun 2022 ake rikicin ƙabilanci a yankin. Shi ya sa shawarata ita ce ka yanke tafiyar a Mbandaka. Daga Kisangani kusan kilomita 1,000 ne, ka wuce Basoko, Bumba da Lisala, kuma mafi kyawun kogin duk yana cikin wannan tsakanin. Mbandaka na da filin jirgin sama. In ka isa ka ji daga bakin masu jirage cewa ƙasa lafiya, jikinka da aljihunka kuma da sauran ƙarfi, sai ka ƙarasa sauran kilomita 700.

Lokaci kuma sai ka haɗa shi da gonarka. Ruwa ya fi cika wajen Nuwamba da Disamba, jirage sun fi samun hanya, amma lokacin ne kake shukar alkama da dashen rani, ga shi cikar kan wuce kima, kamar ta Janairun 2024 da ba a ga irinta ba tun 1961. Yuli da Agusta ruwa na ja baya, yashi na fitowa, kai kuma kana tsakiyar damina. Akwai ƙaramar cika wajen Afrilu da Mayu, bayan ka girbe alkama. Ita ce ta fi dacewa da manomi irinka, da sharaɗin ka bar wanda zai yi maka shuka in ruwan sama ya sauka ba ka dawo ba.

Shekarar da na ce ka jira ba ta zaman banza ba ce. Ka koyi Faransanci gwargwadon ciniki, gaisuwa da bayanin ciwo, mutanen Damagaram da ke zuwa kasuwar Maigatari za su fara ɗora ka. Ka haɗa da Lingala, domin shi ne harshen jirgi, mbote, wato sannu, kaɗai da za ka ce wa mutum na buɗe maka hanya. A Kisangani ana jin Suwahili ma. Sannan ka gwada kanka a babban ruwa na gida. Ka je Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu, ka bi jiragen kasuwa na rana zuwa Idah, bayan ka tambayi lafiyar hanya. In da hali ka gangara Kalaba ka ɗanɗani ruwan sama da laimar kurmi. A nan za ka san ko cikinka na ɗaukar rogo da manja, ko kana iya barci a tsakiyar mutanen da ba ka jin yarensu, kuma in abin bai karɓe ka ba, mota ɗaya ce ta dawo da kai gida.

Ka nemi abokin tafiya mai haƙuri, wanda zai tsare kaya in ka zaga, ya kula da kai in zazzaɓi ya kwantar da kai. Ka nemi yardar mahaifanka, ka gaya musu gaskiyar tafiyar, kada ka ce Legas za ka je. In kana da iyali ka bar musu abin da zai riƙe su har da ƙari, ka rubuta bashin da ke kanka da wanda kake bi, ka damƙa wa wanka ko liman. Da ka sauka Kinshasa ka je ofishin jakadancin Najeriya ka ba da sunanka da hanyar da za ka bi. Ka rubuta wa na gida sunayen garuruwan a takarda, Kisangani, Bumba, Lisala, Mbandaka, ka ce musu daga kowanne za ka kira, kuma tsakanin gari da gari babu sabis, shirun mako guda ko fiye ba alamar mugun abu ba ne. Lambobinsu kai ma ka rubuta a takarda ka sa cikin ledar fasfo, domin waya na faɗawa ruwa. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. In ka dawo daga Lakwaja ka sake rubuto mini, mu zauna a kan lissafin guzuri.